RUWAN DA BA A AUNA BA

Shafi na 19

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo suna tambayar shafin, na gani, na gode ƙwarai, ku yi mini afuwa. Duk wanda yake da mara lafiya a gida ko a asibiti, Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri.

*

“Baba, sauko. Sake hawa.”

Malam Isyaku ya sauko daga kan sikelin, ya dafa kafaɗar 'yarsa Husaina, ya sake hawa. Lambar ba ta canza ba.

Sista Mufida ta daɗe tana kallonta kafin ta rubuta a fayil. Shekara guda ke nan ita take ɗora Baba a kan injin wankin ƙoda duk Litinin da Alhamis a wannan cibiya ta Tarauni. Ta san nauyin jikinsa fiye da yadda ta san nata.

“Sittin da uku da rabi,” ta ce. “Ranar Alhamis da hamsin da takwas na sallame ka. Baba, ina ka samo kilo biyar da rabi a kwana huɗu?”

“Tuwo ne, 'yar nan. Husaina ta iya tuƙi.”

“Tuwo ba ya taruwa a idon sawu.”

Ta durƙusa ta danna ƙafarsa da babban yatsa. Da ta ɗauke, ramin ya tsaya kamar an danna dunƙulen fura. Ta kwantar da shi, ta kama hannunsa na hagu inda aka haɗa masa jijiya don allurar injin, ta ɗora yatsu uku har ta ji motsin nan mai kama da gurnanin mage, sannan ta soka alluran. Sai da jini ya fara zagaye cikin roba ta yafito Husaina zuwa baranda.

“Ki gaya mini gaskiya. Ni ba 'yar sanda ba ce.”

“Wallahi Sista, gora ɗaya ce, wadda kika yi wa alama. Shayinsa, kokonsa, ruwan haɗiyar magani, duk daga cikinta nake cirewa. Miya ma da ludayi nake aunawa.”

“Gishiri?”

“Na daina.”

“Dunƙule? Kanwa? Dabino?”

“Ko ɗaya. Gwaggo har cewa take miyata ta 'yan kurkuku ce.”

“To ruwan nan ba daga sama yake faɗo masa ba. Mutumin da fitsarinsa na yini bai cika kofin shayi ba, duk abin da ya shiga yana nan ciki, ba ƙofar fita. Sati uku ke nan kullum ƙaruwa yake. Wani yana ba shi, Husaina. Ko kuma shi yake ba kansa.”

Husaina ta ji kamar an mare ta. Ita da ta baro ɗakinta a Hotoro, ta kai 'yarta Ummi wajen uwar mijinta, ta dawo Gyaɗi-Gyaɗi tana jinyar tsohon nan, a ce a gaban idonta ake cutarsa?

Sista Mufida ta matso, ta rage murya.

“Ranar Alhamis likitan zuciya zai zo. In ya ga Baba a haka, da ruwa a huhu, zuciya ta kumbura, zai rubuta bai isa a yi masa dashe ba. In kuwa ya rubuta, magana ta mutu. Duk jinin da aka ɗiba a jikinki, duk gwajin da kika yi a ɓoye don ki ba shi ƙodarki…”

“Sista, a hankali don Allah!”

Husaina ta waiga dama da hagu. Duk duniya mutum uku suka san wannan maganar: ita, da Sista, da likita.

“Har yanzu ba ki gaya wa mijinki ba?”

“Bayan Alhamis.”

“Baban fa? Ba a shiga da mutum tiyata ba da saninsa ba.”

“Bayan Alhamis, Sista. In takardu sun cika zan durƙusa masa. Baba bai taɓa ce mini a'a ba.”

“Allah ya kai mu Alhamis ɗin da shi. Bar ma ta dashe. Ruwan nan in ya hau ƙirji, a zaune a tsakar gida mutum yake nutsewa, kina kallo. Na gani ba sau ɗaya ba.”

Ranar kilo uku kawai aka iya zuƙewa. Jininsa ya sauka, jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaɗɗaure har yana salati, dole aka kashe injin.

“Da biyu da rabi za ku tafi gida,” in ji Sista. “Ki sa ido.”

A bakin ƙofa Mu'azu yana jiransu da adaidaita sahunsa. Mijin Husaina ne, kuma tun da ciwon ya fara bai taɓa bari wani ya ɗauko Baba ba, ko da kuwa fasinja sun yi layi. Ya ciccibe shi kamar jariri, ya gyara masa matashi, ya ja labule saboda rana.

“Sannu Baba. Yau sun matsa maka.”

“Allah ya yi maka albarka, Mu'azu.”

A hanya Husaina kowa kallo take. Mai fiya wata a bakin danja, mai zoɓo, har mai gadin cibiyar da ya ɗaga wa Baba hannu sai da ta harare shi a zuci. Ƙeyar Mu'azu ce kawai ta kalla ta ji sanyi.

*

Yammacin Litinin da yinin Talata Husaina ta zama wata iri. Ta ɗaga katifar Baba. Ta leƙa bayan rediyo, cikin takalma, aljihun tsofaffin riguna. Ta yi wa randa alama da alli daga ciki, ta ɗaure bakinta da zani, ta yi ƙullin da ita kaɗai ta san yadda yake. In abokansa na masallaci suka zo dubiya, sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hannayensu har su tashi, ita da a da ko gaisuwa daga bayan labule take yi.

Ba ta sami komai ba. Randa ba ta sauka ba, ƙulli bai motsa ba.

Amma da safiyar Laraba fuskar Baba ta kumbura, idanun sun shige ciki. Filo uku ya jera a bayansa, ya ce in ya miƙe numfashi yana yi masa gardama. Silifas ɗinsa ma sun ƙi shiga.

Saura mutum ɗaya a gidan.

Gwaggo Lami, yayar Baba, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Husaina ta tsaya a kanta.

“Gwaggo, mene ne a ƙarƙashin gadonki?”

“Kabarina ne. Je ki tona.”

“Na ga gora.”

“Man gyaɗa ne, uwar bincike. Ko shi ma Sistar taku ta ce a auna?”

“Gwaggo, ba wasa nake ba. Kin ga fuskarsa yau?”

“Na gani. Na riga ki ganin fuskar nan da shekara sittin.”

“Kin taɓa yi ai. Wancan watan na kama ki da rubutu cike da filas.”

Gwaggo ta ajiye faifan a hankali.

“Na yi, ban musa ba. Neman tsari na karɓo wa ƙanena wajen malami, ba guba ba. Kika tsaya mini a kai kamar soja, kika ce sai dai in shafa masa a jiki, sauran in shanye. Na shanye tas, ni da ƙodata lafiya lau, na yini ina zarya. Tun ranar na rantse ko ɗigo ba zan ƙara miƙa masa ba. Jiya yana kallona ina shan ruwa, sai da na juya masa baya ina hawaye. Ke kin san ƙishin bazara a maƙogwaron tsoho?”

“To waye, Gwaggo? Waye yake ba shi?”

“Tambayi aljanun gidan. Ni na goye shi a bayana, yau kuma 'yar cikinsa take zargina da kashe shi. Allah ya isa ban ce ba, amma ya kusa fita.”

“Ki yi haƙuri…”

“Haƙurin me? Ni yanzu mece ce a gidan nan? Girki kin karɓe. Wanki kin karɓe. Ko butarsa ba a bari in taɓa. Ni da nake zuba masa ruwan alwala tun rasuwar uwarku, mijinki ya zo ya ƙwace, wai lada yake nema. Har ya canjo masa wata ƙatuwa, kamar ta masallacin Juma'a. Kajina ma sun ji a jikinsu.”

“Kaji kuma?”

“Da in Isyaku ya yi alwala, a makwararar bayan ɗakinsa suke shan ruwa. Yanzu je ki gani, ƙura ce. Sai na zuba musu a kasko. Ko kaji an sa musu doka a gidan nan.”

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta tana mita.

Husaina ba ta ƙara jin abin da take cewa ba. Ƙafafunta ne suka kai ta bayan ɗakin.

Lungu ne ɗan ƙarami tsakanin ɗakin Baba da katanga. Nan yake alwala tun tana yarinya. Ga kujerarsa 'yar tsugunne, ga igiyar shanya, ga makwarara. Gansakukar da ta saba gani kore shar a bakinta ta bushe ta yi fari, har tururuwa sun yi hanya a ciki.

Ga butar a jingine. Shuɗiya, sabuwa, ta ci tsohuwar sau biyu. Ta ɗaga ta. Babu ko ɗigo.

Buta a bushe, makwarara a bushe.

Sallah biyar a yini.

Ta auna shayi, ta auna koko, ta auna miya. Bai taɓa zuwa mata a rai ta auna ruwan alwala ba. Wace 'ya ce za ta tsaya a kan ubanta yana alwala?

“A'a,” ta ce a fili. “Baban Ummi ba zai yi haka ba. Cika buta kawai yake. Bai sani ba.”

Ta maimaita sau uku, amma zuciyarta ba ta karɓa ba.

*

Ƙarfe ɗaya saura Mu'azu ya yi sallama, kamar kullum, da ledar ƙanƙara a hannu. Sista ce ta yarda a riƙa ba Baba 'yan gutsattsari yana tsotsa saboda ƙishi, su ma a cikin lissafin gorar.

“Maman Ummi, ya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

“Ke ma kamar ba ki da lafiya.”

“Kaina ne.”

Ya fasa ƙanƙarar, ya miƙo mata rabi. A da ba ta taɓa tambayar ina rabin yake zuwa ba. Ta ɗauka a kular ruwan kekensa yake sakawa.

Ya shiga ya gaida Baba, suka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ya fito ya ɗauki buta ya nufi zaure inda jarkoki suke. Can ya dawo ya ajiye ta a lungu.

“Zan kai wata mata Unguwar Gano in dawo. Akwai abin da za a sayo?”

“Babu. Allah ya tsare.”

Sai da ƙarar keken ta ɓace ta lallaɓa lungun.

Butar tana zufa. A wannan zafin da siminti yake ƙona tafin ƙafa, ruwa ne yake tsattsafowa a jikinta yana gangarowa. Ta taɓa, sanyi ya ratsa yatsunta. Ta buɗe murfin. Ƙanƙara ce take yawo a ciki.

Wa yake alwala da ruwan ƙanƙara?

Ta ji tarin Baba daga ɗaki, da jan ƙafarsa. Ta mayar da murfin, ta shige bayan zanen gadon da ke kan igiya, ta manne da katanga. Kunya kamar ta kashe ta. Tunda take ba ta taɓa laɓe wa mahaifinta ba.

Ya zo yana dafa bango. Ya zauna da ƙyar, ya huta, ya yi bismilla. Ya wanke hannu, ya kuskure baki, ya shaƙa, ya wanke fuska. Komai sau ɗaya, da ɗan ruwan da bai cika tafi ba. Da ya zo hannun hagu ya bi ta gefen jijiyar a hankali, yadda Sista ta koya masa. Ya shafi kai, ya wanke ƙafafun nan kumburarru. Alwala ta cika, babu abin da ya rage. Jiƙon da ya zuba a ƙasa faifai zai rufe shi.

Sai ya duba dama. Ya duba hagu.

Ya ɗaga butar da hannu biyu, ya kafa bakinsa a hancinta.

Husaina tana ganin maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Ba ta san tana ƙirgawa ba. Goma. Sha biyar. Ya tsaya ya ja numfashi mai ƙara, ya sake kafawa. Ashirin da biyu. Ba shan mai ƙishi ba ne. Fuskarsa a yamutse take, kamar mai haɗiyar maɗaci. Tura shi yake.

“Baba!”

Butar ta suɓuce, ta faɗi a gefe, ruwa ya fara bulbulowa. Ta yi wuf ta ɗauke ta.

Suka kalli juna. Ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

“Laɓe kika koma yi mini, Husaina?”

“Baba, me na yi maka?”

“Ba ni butata.”

“Me na yi maka? In ƙishi ne ka gaya mini. In lemon tsami ne in matsa maka a harshe, in ƙanƙara ce in ƙara. Na zargi Gwaggo, na zargi abokanka, na kusa zargin liman. Ashe kai ne!”

“Rage murya, maƙwabta.”

“Su ji! Sati uku kana kallona ina auna maka koko da cokali, kana ce mini Allah ya yi albarka!”

Ya sunkuyar da kai. Ƙirjinsa yana ɗagawa da sauri. Can ya ɗago.

“Ƙodarki nawa?”

Husaina ta ji ƙasa ta juya.

“Na'am?”

“Tambayarki nake. Nawa Allah ya ba ki?”

“…Biyu.”

“To ki bar su biyu.”

Ta zube a kan gwiwoyinta, butar a ƙirjinta.

“Wa ya gaya maka?”

“Tagwaye Allah ya ba ni,” ya ce, kamar bai ji ta ba. “Ke da Hassana. Da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata ranar da za ta haihu, tana ce mini Baba ka ajiye mini balangu. Ni na sa hannu a takardar. Da hannun nan. A makara aka miƙo mini ita. Yanzu kuma ke za ki hau gadon, a yanka ki, saboda tsohon da ya gama cin zamaninsa?”

“Ba iri ɗaya ba ne, Baba. Likita ya ce…”

“Wancan ma likita ya ce.”

“To ai sai ka ce ba ka so! Sai ka kira ni ka ce Husaina ban yarda ba. Sai ka kama shan ruwa a lungu?”

Ya yi wani ɗan murmushi mai ban tausayi.

“Yaushe na taɓa iya ce miki a'a? Za ki durƙusa, ki yi kuka, ki kira liman, ki kira Lami, ki kwana uku ba ki ci abinci ba. Ranar ta huɗu in sa hannu. Na san kaina, na san ki. Gara likita ya faɗa.”

“Likita?”

“Alhajin da gadonsa yake kusa da nawa a wajen wanki, haka aka yi masa. Ɗansa ya shirya tsaf. Likitan zuciya ya zo ya duba, ya ce ruwa ya gajiyar da zuciyar, ba za ta ɗauki aiki ba. Shi ke nan, yaro ya tsira da abarsa. Gobe Alhamis. In ya rubuta, na daina. Injin ya zuƙe abinsa.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba, injin ba rijiya yake yashewa ba! Ran Litinin uku kawai ya iya cirewa, kana salati. Sista ta ce in ruwan ya hau ƙirji, ko gobe ba za ka…”



“Ba kashe kaina nake ba,” ya ce da sauri. “Allah ya sani. Kumburi ne kawai.”

“Wa ya gaya maka maganar ƙodar?”

Ya kau da kai.

“Sista Mufida ce?”

“Yarinyar nan ba ta da laifi.”

“To waye? Baba, waye yake zuba ƙanƙara a butar alwala?”

Ta san amsar. So take wani ya ce mata ba haka ba ne.

Ƙarar adaidaita ta tsaya a ƙofar gida.

“Salamu alaikum! Baba, an yi kira fa, ko in…”

Mu'azu ya leƙo lungun. Ya ga Baba. Ya ga Husaina a durƙushe. Ya ga butar a hannunta.



Husaina ta miƙe. Shekara biyar da aurensu, bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

“Mu'azu.”

Ya ja da baya kamar ta watsa masa wuta.

“Maman Ummi, tsaya ki ji…”

“Ina ji.”

Ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro wani kati ruwan ɗorawa. Katinta ne na gwaji, wanda take zaton yana can ƙasan zif ɗin jakarta.

“Kin manta jakarki a bayan keke, sati uku da suka wuce. Ina ɗagawa ya faɗo. Na ga sunanki, na ga tambarin asibiti, na ɗauka ciwo kike ɓoye mini. Na kai wa wani mai kemis ya karanta. Ya ce, wannan ai katin masu ba da ƙoda ne, matarka jaruma ce. A bakin mai kemis na ji, Husaina. A bakin titi.”

“Sai ka kawo wa mara lafiya.”

“Wa zan kai wa? Ke kin kawo mini? Ni mijinki ne ko direbanku? Ummi shekararta uku. Kullum na je sai ta ce Abba ina Mama. In aka shiga da ke ba a fito ba, me zan ce mata?”

“Shi ya sa ka zaɓi ubana ya tafi.”

“Wallahi a'a! Gaya masa kawai na yi, don ya hana ki. Shi ya ce in sayo babbar buta. Ya ce kumburi ne na kwana biyu, injin zai janye.”

“Ƙanƙarar fa?”

Mu'azu ya kalli ƙasa.

“Na ga in dai zai sha… gara ya sha mai sanyi.”

“Kullum ka ciccibe shi ka sa a keke. Kullum kana jin nauyinsa yana ƙaruwa a hannunka. Kullum mutane suna cewa Husaina kin yi dacen miji.”

“Ku bari…” in ji Baba.

“Ka tsaya a bayana ina zagin Gwaggo a zuciyata!”

“Ku… bari…”

Muryar ce ta sa suka juya. Ba irin tasa ba ce. Kamar mai magana daga cikin randa.

Baba ya dafe ƙirji. Bakinsa a buɗe yana neman iska, wani gurgur yana fita daga maƙogwaronsa. Ya yi tari, kumfa ta fito, fara mai ɗan ja-ja. Gumi ya wanke masa fuska.

“Gwaggo! Gwaggo, fito!”

Husaina ta saki butar, ta danna lambar Sista Mufida, ta buɗe muryar wayar.

“Sista, kumfa yake fitarwa! Ba ya iya numfashi!”

“Kar ku kwantar da shi!” muryar Sista ta cika lungun. “A zaune, ƙafafu a ƙasa. Ku taho yanzu-yanzu, zan sa a haɗa inji. Husaina, kar ku tsaya neman komai, ko takalmi!”

Mu'azu ya yar da katin, ya sunkuya zai ciccibe shi.

Baba ya miƙa hannun dama ya damƙe ƙarfen tagar ɗakinsa.

“Baba, saki! Don Allah saki!”

Mu'azu ya ja. Tsohon da ba ya iya ɗaga kofi sai an taya shi, yau yatsunsa sun zama ƙarfe.

“Ba… inda… za ni.”

“Isyaku, ka haukace ne?” Gwaggo ta iso ba ɗankwali. “Saki tagar nan!”

Idanunsa suna kan Husaina.

“Sai… ta… rantse.”

“Baba!”

“Ba za… ki… bayar ba. Rantse.”

“Rantse masa, 'yar nan!” Gwaggo ta faɗa ɗakin da gudu, ta fito rungume da Alƙur'aninsa a cikin gafaka. “Ko mene ne, rantse masa!”

Husaina ta ɓoye hannayenta a baya.

“Ba ni da alwala.”

Duk suka kalli butar. Tana kwance a ƙasa, sauran ruwan ya gangara makwarara, kajin Gwaggo sun taru suna sha.

“Husaina, kuna hanya?” in ji wayar. “Ban ji ƙarar keke ba! Husaina!”

Leɓɓan Baba sun fara yin baƙi. Yatsunsa ba su saki ba.

“Da… baki,” ya ce. “Yana… ji.”

In ta rantse, Alhamis ta mutu, dashe ya mutu, Baba da injin nan har kabari. In ba ta rantse ba, a lungun nan za a rufe masa ido.

Mu'azu yana kuka. Gwaggo tana salati. Waya tana kiran sunanta.

Husaina ta durƙusa, ta kama fuskar mahaifinta da hannu biyu, ta kalle shi cikin ido.

“Wallahi tallahi, Baba…”